Tsiro a Hamadar Ebyong

A duk tsofaffin da ke haɗa ƙananan tankokin yaƙi a lardin Pampanga, babu wanda ya kai Ebyong Lacsamana iya ƙura. Ku lura, ƙura aka ce. Fentin fuskar soja fannin wani ne daban, kuma mai ba ku labarin nan, duk da bai taɓa zama a aji ba, har yau ba a haifi wanda zai ɗiga baƙin ido a fuskar da ba ta kai ƙwayar shinkafa ba kamar yadda yake ɗigawa. Amma ƙura kam, a bar wa Ebyong.

Shekara talatin ya yi yana fentin motocin haya na jipni kafin gwiwa ta zaunar da shi. Tankar roba da ba ta wuce tafin hannu ba, idan ta fito daga kwali ƙyalli take kamar abin wasan yara. Ebyong zai shafa mata fenti ruwan toka, ya jiƙa ta, ya barbaɗa gishiri, ya fesa fenti ruwan yashi a kai, sannan ya bi gishirin da tsohon buroshin haƙori. Sai ka ga fenti ya ɓare nan da can kamar rana da iska sun shekara biyu suna cinsa. Ya goga bakin fensir a gefen sarƙa har ta yi walƙiyar ƙarfe. Ya ja zirin baƙin mai daga murfin tanki zuwa ƙasa, siriri, inda direba mai gaggawa zai zubar. Daga ƙarshe sai ƙura.

Cikinmu babu wanda ya taɓa taka hamada. Hotuna kawai muke gani a tsofaffin littattafai, na yaƙin da Jamusawa da Ingilishi suka gwabza a arewacin Afirka. Amma mu mutanen Bacolor ba a koya mana kamannin ƙasa idan ta mutu. Mun gani da idonmu shekarar da lakar tokar dutsen Pinatubo mai aman wuta ta gangaro ta shafe garin, ta bar coci binne har rabi, mu kuma muka kwana biyu a kan rufin kwano muna kallon shanun noma suna wucewa ƙafafu sama. Da ƙafarmu muka sauko. Ba kowane gari ne zai iya faɗin haka ba.

Daga wannan tokar Ebyong yake yin hamadarsa. Kowace shekara yakan bar unguwar da aka sake tsugunar da su, ya je daidai saman inda gidansa yake binne, tsayin mutum huɗu a ƙasa, ya ɗebo buhu guda. Yakan tace ta da tsohuwar safar matarsa, ya rina ta da ruwan kofi har ta bar launin toka ta koma na yashi.

"Gidana yana nan ƙasa lafiya lau," in ji shi ga duk wanda ya tsaya saurare. "Kofuna a kan tebur yadda muka bar su. Ni kaɗai ne a duniya nake ɗora tanka a kan rufin gidana."

Akwai ƙa'ida ɗaya da kowane mai wannan sana'a ya sani a ƙasar da ruwa ba ya ɗaukewa: kafin ƙasa ta hau allo sai an soya ta a kasko, ta yi zafin da ko ƙwan kiyashi ba zai rayu ba. Matarsa Choleng ce take soya masa, domin tun shekarar da ya narka darma a kaskonta na suya ta hana shi shiga kicin.

Shekarar da ake magana, saura mako biyar a yi gasar shekara a San Fernando, gwiwar ta kumbura har ba ya iya hawa babur. Sai Pinong Dayrit ya ce zai ɗebo masa.

Pinong mai aski ne, kuma shi ya riƙe 'yar Ebyong ranar baftisma, tun daga nan suke kiran juna Pare, Choleng kuma yana kiranta Mare. Shi ne ya kama Ebyong ta bel ya jawo shi saman kwano ranar laka. A shagonsa tsofaffin suke taruwa kowace Lahadi bayan coci, kowa da ɗan kwalinsa. Yana kiwon tantabarun tsere, aljihunsa kullum cike da tsaba. Aikinsa a gasa yaƙin daji ne, bishiyoyi da ciyawa da fadama, kuma sau huɗu yana zuwa na biyu a bayan Ebyong. Bana kuwa ya sanar a gaban kowa cewa shi ma hamada zai yi. An yi dariya, Ebyong ma ya yi. Amma bai manta ba.

Da la'asar Pinong ya dawo da buhun, laka har cinya, ƙaurinsa ɗaure da tsumma.

"Ina ka haƙa?" Ebyong ya tambaya daga kujerarsa.

"Inda ka saba mana, Pare."

"Inda na saba babu laka har cinya."

"An yi ruwa."

"Ƙaurin fa? Ruwan ne ya cije ka?"

"Kai dai karɓi buhunka. Na yi maka dako, ko kofi ba ka ce a ba ni ba. Mare! Mijin nan naki dai ba ya canzawa."

Choleng ta kawo kofin, ta raka shi ƙofa. Ebyong yana hango su ta taga. Sun daɗe a tsaye, kai kusa da kai, Pinong yana kwatanta wani abu da hannu, ƙasa-ƙasa, kamar mai nuna zurfi. Da ta dawo tana goge fuska da gefen riga.

"Me ya ce miki?"

"Tantabararsa ce ta ɓata."

"Shi ya sa kike kuka?"

"Albasa na yanka."

A ranar kunun shinkafa da citta suka sha, babu albasa a ciki.

Da ya kwance buhun ya ga ƙasar ta fi ta kullum duhu, tana da wani ƙamshi na lambu. Ya jinjina ta a hannu, ya shinshina, ya ce wa kansa damina ce. Ya shanya, ya tace, ya rina, ya cika gwangwanin biskit ya miƙa wa Choleng. Bayan kwana biyu ta dawo masa da shi.

"Ta ragu," ya ce.

"Wuta ce ta cinye."

"Wuta ba ta cin yashi, Choleng."

"To ni na ci. Ka ga na ƙara ƙiba?"

Ya bar maganar, domin aiki yana jiransa. Tankar Jamusawa ce wadda sarƙarta ta tsinke a gefen wata busasshiyar rijiya, soja biyu suna fama da guduma, na uku zaune a inuwar tankar yana girgiza jarkar da babu komai ciki. Sauran masu sana'ar sukan kwarara gam a kan yashinsu har ya daskare kamar siminti. Ebyong yana ganin wannan aikin ragwaye ne. Shi kowace safiya yakan fesa ruwa kamar raɓa, ya danna sawun sarƙa da yatsa, ya bar ƙasar ta kwanta da kanta, ya kife akwatin gilashi, ya kunna ƙwan lantarki a sama don ta bushe a hankali. Gam sai ranar ƙarshe, shi ma ɗan kaɗan.

Pinong yakan biyo kullum da hantsi kafin ya buɗe shago. Ya sunkuya a kan allon, hannu ɗaya a aljihu.

"Kai, Pare, wannan sojan ƙishirwa yake ji har ni ma na ji."

"Ja baya, kana hura min ƙura."

"To ruwan kofi nawa kake sawa ne?"

"Iyakar wanda ba ka shanye ba."

Rana ta tara da fara aikin, da safe, Ebyong ya ɗaga gilashi ya ga wani abu kore a gefen sawun tanka. Siririn zare, bai kai tsinken ashana kauri ba. Ya ɗauko hantsaki ya cire, ya ajiye a kan farar takarda. Mutum ɗaya ya sani mai irin wannan zaren, cike da kwalba, wanda yake shimfiɗa ciyawar dajinsa da shi. Ya ce wa kansa daga hannun riga ya faɗo. Washegari ya samu uku, ɗaya a bakin rijiya, biyu a ƙarƙashin ƙafar sojan mai jarka. Abin da ya faɗo daga hannun riga ba ya shiga ƙarƙashin ƙafar soja.

Ya sa wa akwatin kwaɗo, ya ɓoye makulli a cikin takalminsa na zuwa coci. Ya tsinko gashi ɗaya daga kansa, wanda ba shi da na kyauta, ya manna da miyau tsakanin gilashi da allo. Da Pinong ya zo ya tarar da kwaɗo, sai ya dubi Ebyong.

"Ɓeraye," in ji Ebyong.

"Ɓerayen gidanku sun iya ɗaga gilashi?"

"Suna koyo."

Kwana biyu bayan nan gashin yana nan yadda ya manna shi, kwaɗo a rufe, kore kuma bakwai. Ya sa tabarau biyu, ɗaya a kan ɗaya, ya ɗauko madubin da yake duba ƙananan kusoshi da shi, ya ciro ɗaya a hankali. Tana da saiwa. Fara, siririya, da ɗan yashi manne a jiki. A sama kuma ganye biyu a haɗe kamar hannun mai addu'a.

Hamadarsa tsiro take yi.

Ya zauna ya jera abin a ransa kamar yadda yake jera sassan tanka kafin ya taɓa gam. Ƙasar an soya ta, wuta ba ta barin iri da rai. Ke nan bayan suya aka zuba irin. Wa yake sunkuyawa a kan allon kowace safiya, hannu a aljihu? Me yake cikin aljihun? Wa ya zo na biyu sau huɗu? Wa ya ƙi faɗin inda ya haƙa? Ko tari ba sai mutum ya yi ba, ya murza yatsa biyu kawai, tsabar tantabara ta zuba. Ranar gasa alƙalai su sunkuya su ga tankar Jamus a tsakiyar gonar gero, mutanen San Fernando su yi dariyar da za a shekara goma ana tunawa.

Abin da ya fi ci masa rai ba kofin gasar ba ne. Hannun da ya murza tsabar shi ne hannun da ya kama bel ɗinsa. Kwana uku yana juya wannan, yana cire tsiro kowace safiya yana tarawa a ambulan. Ya fara tuno abubuwan da bai taɓa ba su muhimmanci ba: shekarar da buroshinsa mafi siriri ya ɓata, ranar da Pinong ya yi tuntuɓe da teburinsa a wajen gasa. Har ranar laka ya koma. Shin kama shi aka yi don a cece shi, ko kuwa Pinong neman abin riƙewa yake yi?

Ran Lahadi ya je shagon da sanda. Tsofaffi biyar suna kan benci, Doming mai gyaran agogo yana nuna wata motar sulke da ya kasa daidaita tayoyinta. Ebyong ya hau kujerar aski kamar kullum. Pinong ya ɗaura masa zane, ya shafa kumfa, ya aske kuncin dama tsaf. Da ya ɗaga masa haɓa zai kai aska wuya, sai Ebyong ya riƙe masa hannu.

"Tsaya. Zazzage aljihunka tukuna."

"Me?"

"Aljihun hagu. Zazzage mu gani."

Pinong ya yi dariya, ya juya aljihun. Gero da dawa da ɗan koren wake suka watse a ƙasa.

"Ga shi. Yunwa kake ji, Pare?"

Ebyong ya zaro ambulan ya zazzage a kan zanen da ke ƙirjinsa. Tsiron sun yanƙwane sun zama kamar gashin hanci.

"Ku matso ku gani. Wannan daga hamadata na cire. Ƙasar da aka soya. Ku gaya min yadda soyayyiyar ƙasa take tsiro idan ba wani ne ya shuka ba."

Doming, wanda yake kiran Ebyong Koya, wato yaya, ya leƙo da madubin agogonsa a ido. "Lallai tsiro ne. Koya Ebyong, ka koma noma ke nan? A ajiye min dami ɗaya."

Wasu suka fashe da dariya. Pinong bai yi ba. Yana kallon abin da ke kan zanen, fuskarsa ta canza, bakinsa ya buɗe kamar zai yi magana, ya rufe. Ebyong ya ga wannan, ya kuma fassara shi yadda yake so.

"Kun gani? Ya kasa magana. Shekara huɗu yana shan ƙurata, bana ya ga ba zai iya da buroshi ba sai ya koma da aljihu. Ka faɗa musu inda ka haƙo ƙasar mana! Ka faɗa musu abin da kuke raɗa da matata a ƙofa!"

Tantabaru suna kuka a saman rufi.

"Haba Koya," in ji Doming, "wannan kuma ta yi yawa."

Pinong ya goge askar a tafin hannunsa, ya ninke ta a hankali.

"Ka gama?"

"Ban gama ba. Ba zan ƙara miƙa wuyana ga mutumin da..."

"To sauka min daga kujera, Eusebio."

Shekara arba'in bai kira shi da sunan yanka ba. Ebyong ya fizge zanen, ya sauka, ya fita da kumfa a kuncin hagu. Yaran da ke wasan ƙwallon kwando a titi har suka tsayar da wasa suna kallonsa.

Bai je wajen wani mai aski ba, bai kuma taɓa reza da kansa ba. Gemun ya fito fari, ɓangare ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Choleng da labari ya iso mata ta hanyar matar Doming, ta ajiye masa abinci da ƙarfi har miya ta fantsama.

"Ka je ka ba shi haƙuri."

"Sai na kawo hujja. Zan bar guda ɗaya ta girma. Idan ta fito da ganyen gero, a tsakiyar shagonsa zan dasa ta."

Ya zaɓi wadda ta fi ƙarfi, a bayan rijiya, ya bar ta. Sauran yana cirewa duk safiya. Ya daina fesa ruwa, amma ita ba ta bushe ba. Wannan ma ya dame shi. Wata safiya ya ga ƙasar gindinta ta fi sauran duhu, faɗin kwabo. Ya duba gashin da ya manna. Yana nan, amma ya fi nasa tsawo, kuma baƙi ne da rini.

Ranar Alhamis, saura kwana biyu gasa, ya sa rigar fita ya ce zai je asibiti a duba gwiwa. Ya fita ta ƙofar gaba, ya gaisa da mai sayar da burodi da ƙarfi don a ji, ya zagaya ta bayan gidan maƙwabci, ya raɓe a gindin tagar ɗakin aikinsa, gwiwar tana zuga kamar ana hura mata wuta. Bai daɗe ba ya ji motsi. Ta tsakanin gilasan taga ya ga Choleng ta shigo da takalminsa na coci a hannu. Ta zazzago makulli, ta buɗe kwaɗo, ta ɗaga akwatin. A ɗaya hannun cokalin shayi ne cike da ruwa. Ta sunkuya a kan tankar Jamus tana ɗiga ruwan a bayan rijiya, ɗigo ɗigo, leɓunanta suna motsi.

"Ashe ku biyu ne!"

Ta firgita, amma cokalin bai zube ba. Ta ƙarasa ɗigawa, sannan ta juyo.

"Shigo ta ƙofa kamar mai gida. Ka tsaya a taga kamar ɓarawon kaji."

Ya shigo yana huci. Ta nuna masa tsiron da bakin cokali.

"Sa tabaranka biyun nan ka duba. Kai mai ido, wanda yake ganin tsatsa a kusar da ba ta kai ƙuma ba. Wannan gero ne?"

Ya duba. Ta kai tsayin sojan da ke tsaye. Karanta ja ne wur kamar an tsoma shi a jini, ganye huɗu masu faɗi, bayansu ja, tsakiyarsu da ɗigon shunayya. Ba ta yi kama da komai da tantabara take ci ba.

"Alayyafo ne," in ji Choleng. "Jan alayyafon Ima, mahaifiyata. Wanda ta ba ni irinsa a ƙullin hankici ranar da na tare. Wanda yake bayan famfo, wanda kake cewa yana rina maka shinkafa. Tun shekarar laka nake dubawa a kasuwanni, ban ƙara ganin mai wannan ɗigon ba."

"Yana ƙasa, tsayin mutum huɗu."

"A da ke nan. Zauna, gwiwarka tana rawa."

Ya zauna. Ta gaya masa a tsaye, ba ta sassauta komai ba. Da Pinong ya je, babu inda Ebyong ya saba haƙa. Masu ɗibar yashi sun kai wajen da katafila da tifofi, sun yi rami kamar filin ƙwallo. Sun kai har gidan. Rufin sun yaye shi sun tara a gefe kamar takardar da aka dunƙule. Pinong ya jira mai gadi ya tafi cin abinci, ya gangara ramin da gindi, kwanon ya yanke masa ƙauri, ya ɗebo daga tsakar gidan, gefen famfo, domin ya ce tunda Pare ba zai ƙara samun ta saman rufi ba, gara ya samu ta gidan kanta.

"Ya ce kada in gaya maka sai bayan gasa. Ya ce, Mare, mutumin nan shekara talatin yana kwana da kofunan nan a kan tebur, idan aka ɗauke masa su yanzu hannunsa zai yi rawa, ba zai iya riƙe buroshi ba."

Ebyong yana kallon sojan mai jarka.

"Suyar fa?"

"Na ɗora kasko. Na zuba hannu ɗaya. Da ƙamshin ya taso na sauke. Ƙasar lambuna ce, Ebyong, ka ce in soya ta kamar gyaɗa? Na ɗebi rabi na zuba a tukunya bayan kicin, na yi ta ba ta ruwa, ruwan sama ya daddake ta, kaji suka tone sauran. Ko ɗaya bai fito ba. Sai a nan, cikin gilashinka, da raɓarka ta kowace safiya da ƙwan lantarkinka. Kai ka shuka, kai ka yi ban ruwa, kai ka tsaya kana tsinkewa ɗaya bayan ɗaya kana zubawa a ambulan. Ashirin da shida na ƙirga. Kowace safiya ina jin ƙarar hantsakin nan daga kicin."

"Me ya hana ki magana?"

"In ce me, ban ce gidan ba? Shi ma da ya ga tsiron a shago ya gane ban soya ba. Da ya buɗe baki, ni zai tona, ya tona gidan. Sai ya bar ka ka zage shi a gaban mutane."

Ebyong ya miƙa hannu ya ɗaga tankar daga kan ƙasar, a hankali, sarƙarta ta bar sawu. Ya cire sojoji uku, ya cire jarkoki, ya jera su a kan tebur. Rijiyar ya bar ta, domin saiwar ta shiga ƙarƙashinta.

"Kada ki cika mata ruwa," ya ce. "Fesawa ake yi. Ga kwalbar can."

"Za ka koya min shuka alayyafo?"

"Wa ya fito da shi, ni ko ke?"

Ya buɗe akwatin da ke ƙarƙashin tebur ya ɗauko wani ɗan gwangwanin madara mai murfin leda. Ragowar ƙurar bara ce, ta saman rufi, soyayyiya, rinanniya, wadda babu sauran irinta kuma ba za a ƙara samu ba. Ya sa a aljihu ya ɗauki sanda.

Da azahar shagon babu kowa sai Pinong, yana zaune a benci yana cin shinkafa da soyayyen kifi. A kan kanta, kusa da madubi, ga hamadarsa: tankar Ingilishi a kan yashin gini. Ebyong ya shiga bai yi sallama ba, ya tsaya a gabanta ya daɗe yana kallo.

"Wannan a kogi ta kwana?"

Pinong ya ci gaba da tauna.

"Tsatsa har a bututun igwa. A hamada wa ya ba ta ruwan da za ta yi wannan tsatsar? Ka saba da daji, komai sai ka ruɓar da shi. Yashin kuma kowace ƙwaya ta kai kan soja." Ya ajiye gwangwanin a gefen allon. "Da busasshen buroshi. Daga ƙasa zuwa sama, yadda sarƙa take tayar da ita. Kofi cokali uku ne a kofin ruwa, tunda ka daɗe kana tambaya."

Pinong ya dubi gwangwanin, ya dubi gemun.

"Taka fa?"

"Choleng ta ƙwace filin. Ta mai da shi lambu."

Ya jingina sanda, ya hau kujerar aski, ya zauna yana kallon kansa a madubi. Pinong ya gama cin abincinsa tsaf, ya suɗe yatsu, ya wanke hannu, ya goge, bai yi gaggawar komai ba. Sannan ya ɗauko zane ya kaɗe, ya ɗaura masa ya ɗan matse fiye da kullum. Ya buɗe aska ya shiga wasa ta a fata, gaba da baya.

"In zazzage aljihu?"

"Bar shi."

"Ka tabbata? Kada gero ya tsiro maka a wuya ka tara min mutane."

"Na ce bar shi, Pare."

Askar ta tsaya a kan fatar, sannan ta ci gaba. Pinong ya dama kumfa ya fara shafawa daga kuncin hagu.

"Kofunan," in ji Ebyong, yana magana ta gefen baki. "Ka gan su?"

"Ban ga kofuna ba. Ban ga tebur ba. Famfo na gani, da matakala uku, da rabin bangon gaba."

"Wanda na yi wa shuɗi da ragowar fentin jipni?"

"Shi."

"Fentin fa?"

Pinong ya ƙara shafa kumfa. "Da na goge lakar da hannu, kamar jiya ka shafa. Ko ɓarewa bai yi ba."

"Ai na gaya muku. Shafi uku na yi masa. Shekara talatin a cikin laka! Ka faɗa wa Doming wannan ran Lahadi, da bakinka, ni idan na faɗa cewa za su yi cika baki ne."

"Ran Lahadi kai ne kake da abin faɗa wa Doming, da sauran huɗun. A tsaye."

"Da wannan gwiwar?"

"A tsaye. Ɗaga haɓa."

Ebyong ya kwantar da kai a jikin kujera, ya miƙe wuya, ya rufe ido. Askar ta sauka da sanyinta a ƙarƙashin muƙamuƙi, ta fara hawa.